Kwalbatin da Muka Kora da Hannunmu

Ni mai wanki da guga ne a Gyadi-Gyadi, a wani lungu da ke bayan asibitin koyarwa. Shekara talatin da wani abu ina tsaye gaban teburi ɗaya. Rabin aikina fararen kayan ma'aikatan jinya ne, sauran kuma kaftanin ma'aikatan gwamnati na Tarauni, masu son karin guga ya fito kamar bakin wuƙa. Boko kuwa aji uku na yi. A aji ukun ma shekara biyu na yi, ina jin malamin ne ya ji daɗin zama da ni. Don haka wanda ya ga zancen nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da dutsen guga.

Ƙauyenmu yana kudu da birni, awa biyu a mota, sannan ka sauka ka hau babur. Da ina yaro, in aka tashi daka da hantsi, ƙarar turame har gona ake jin ta. Yanzu gidajen da hayaƙi ke tashi a cikinsu ba su cika goma ba. Kowa ya gudo, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu Legas. Ba zan zagi kowa ba, ina cikin na farkon gudu.

Wadda ta ƙi gudowa ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna gidajen aurensu a nesa. Ita kaɗai ce a gidan mahaifinmu, sai awaki da tsamiyar ƙofar gida. Ciwon suga ya kama ta, ya buɗe mata gyambo a ƙafar hagu. Likita ya ce duk wata a kawo ta a duba, kuma kada ruwan datti ya taɓa ƙafar, in ba haka ba zancen yankewa za a yi.

To tsakanin ƙauyenmu da hanyar mota akwai rafi. Ba wani babban kogi ba ne. Da rani yashi ne zalla, amma gaɓarsa ta zaizaye ta kai tsayin mutum, mai babur ma sai ya sauke ka kun tura. Da damina kuwa sai ya cika ya rufe garin wata uku, wani lokaci huɗu. Likita ya ce abu biyu ne, ko ta dawo birni gaba ɗaya, ko a samu hanyar da mota za ta kai ƙofar gida. Na gaya mata na farkon, na ƙara masa gishiri.

Ta ce, "Auta, a ɗakin nan aka yanke mini cibiya. Je ka nemo na biyun."

Auta take ce mini har yau, da furfurata da komai.

Ina cikin wannan tunani wata safiya rediyon da na rataye a ƙusa ya ce gwamnati ta ware tallafi don ƙananan ayyuka a ƙauyukan da mutane suka watse, rijiya ko kwalbati ko rufin ɗakin shan magani, kowane ƙauye ya nemi abu ɗaya. Na tsaya sauraro baki buɗe har dutsen guga ya zana hotonsa a bayan rigar wani darakta. Rigar tana nan, da ita nake goge teburi.

Washegari na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu na karɓo takardar cikewa. Na dube ta sama, na dube ta ƙasa, na kai wa maƙwabciyata. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, iyayenta daga kudu suka zo amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsabta. Sista muke ce mata. Ita ce ke wanke wa Yaya ƙafa duk lokacin da na kawo ta.

Ta zauna a kan bencina da biro. "Baba mai guga, an ce a rubuta irin wahalar da rashin hanya yake jawo muku."

Na ce, "Rubuta cewa mun gode wa Allah."

Ta ajiye biron. "Baba, ba wa'azi aka ce ka yi ba. Wahala aka tambaye ka."

"To rubuta cewa akwai 'yar matsala kaɗan."

"Matar da aka ɗauko a kan ƙyauren ɗaki bara tana naƙuda, 'yar matsala ce kaɗan?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. A nan wurin, kana goge mini siket."

Ta rubuta abin da ta ga dama, na dangwala hannu, na mayar.

Daga ranar zama ya ƙare mini. Wayata da na saba jefawa cikin kwandon gawayi, sai na koma ɗaura ta a wuya. In ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba in girgiza ta. Da azahar in rufe teburi in fita titi ba tare da na san inda za ni ba, in tsinci kaina a ƙarƙashin gadar sama ina ƙirga ƙafafunta. In ce a raina, ƙafa ɗaya daga cikin nan da za a sammana, ta ishe mu kwalbati har mu ba maƙwabta saura. Wani mai adaidaita sahu da ya saba ganina a wurin ya ce, "Baba, saya za ka yi?" Na ce ina dai dubawa tukuna.

Cikin bazara, ana zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, aka kira ni. An ce injiniya zai zo ranar Alhamis ya ga wurin da idonsa. Na bi 'yan garinmu ɗaya bayan ɗaya, mai faci a Daurawa, 'yan ga-ruwa a Ƙauyen Alu, mai shayi, birkiloli biyu. Muka cika ƙaramar bas ranar Talata, don kada baƙo ya zo ya tarar da gari babu maza.

Mai unguwarmu tsoho ne, ya ba ni shekara goma. Mutumin kirki, amma in ya kafe a kan abu sai dai a kewaye shi. Ya tara mu a gindin tsamiya ya ce, "Rabon da motar gwamnati ta shigo garin nan tun ina saurayi. Yanzu baƙo zai zo, motarsa ta kafe a ƙofarmu? A ce mun bar shi ya sauka yana turi, yashi na shiga masa takalmi? Ba da raina ba."

Muka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe.

Mu goma sha wani abu ne a wurin. In akwai mai hankali a cikinmu, ranar a Kano ya baro shi. Kuma kada wani ya ɗora wa mai unguwa laifin shi kaɗai. Ni na miƙe na ce a samo buhunan siminti da aka juye, a cika su da yashi. Ni na ce a saro rassan ɗorawa a shimfiɗa a ƙasa. Aka yi gayya kwana biyu, irin wadda rabona da ita tun kafin in yi aure. Birkilolin nan suka sassare gaɓar suka kwantar da ita, muka jera buhuna, muka zuba duwatsu, muka kawo jar ƙasa a baro muka rufe. Ni kuwa na bi da bayan shebur ina lallashin wurin kamar ina goge babbar rigar ango.

Ba a nan wautar ta tsaya ba. A wurinmu abin kunya ne baƙo ya gane an sha wahala saboda shi. In ka yanka masa kazarka ta ƙarshe, sai ka ce dama ta dame ka da ɓarna. Don haka da muka gama, muka ɗebo busasshen yashi muka watsa a sama, muka share sawun baro da tsintsiya, har muka kora awakin Yaya suka bi ta kai sau biyu. Wanda bai sani ba zai rantse tun zamanin kakanni haka hanyar take.

Yaya ta kawo mana kunun tsamiya tana ɗingishi. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Auta, wannan kyau haka?"

Na ce, "Aikin ɗan birni kenan, Yaya."

Ta ce, "To."

Ranar Alhamis da hantsi farar mota mai buɗaɗɗen baya ta iso. Ta bi ta kan aikinmu ko girgiza ba ta yi ba. Muka dubi juna, kowa ƙirji a buɗe. Injiniyan mutum ne mai kamar shekara arba'in, mai sanyin magana, da ɗan littafi a aljihun gaba. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono, aka kawo kaji. Ya ci, direbansa ma ya ci, har ya kwance agogo.

Sannan ya buɗe littafi. "Baba mai unguwa, yaya hanyarku?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi."

"Da damina fa?"

"Damina ai rahama ce. Mun gode Allah."

Ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ya ce a kai shi wurin da ake neman kwalbati. Muka raka shi gaba ɗayanmu. Ya tsaya a tsakiyar rafin, a kan buhunanmu, ya waiga hagu ya waiga dama.

"Ina wurin?"

Aka ce, "Kana kai."

Ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu. Ya ɗauki hoto da waya. "Mota tana wucewa ta nan?"

Mai unguwa ya gyara rawani ya ce, "Ga taka ma ta wuce."

A nan ne na farga da abin da muka yi. Na ji kazar da na ci ta miƙe tsaye. Na buɗe baki, amma me zan ce? In ƙaryata mai unguwa a gaban baƙo? In ce masa kwana biyu muka yi muna haƙa saboda kai?  Abin da ya fito shi ne, "Wani lokacin dai yakan yi ɗan ruwa."

Ya ce, "Ɗan ruwa," ya rubuta. Da bakina na ba shi, da idona na ga ya rubuta.

Bayan sati shida aka liƙa sunayen ƙauyukan da suka samu a bangon sakatariya. Na sa wani ya karanta mini sau biyu, na ce ya duba bayan takardar. Babu mu. Wani ƙauye da ke gabas da mu ya samu. Su ba su da kunya ko kaɗan, sun bar motar mutumin ta kafe har sai da aka kawo shanun huɗa suka ja ta.

Da na ba Sista labari, ta dafa teburina ta yi dariya har hularta ta zame. Sannan ta daina.

"Baba mai guga, kun kai mara lafiya gaban likita, kun shafa masa hoda, kun ce ya yi murmushi. Yanzu ƙafar Inna fa? Ruwa ya kusa sauka."

Ruwan farko kuwa da ya sauka, a yini ɗaya ya kwashe aikinmu. An ce an ga buhunan a rataye jikin ƙaya can ƙasa da gari. Rafin bai rufe ba tukuna, amma saura kaɗan. Na aika wa Yaya ta taho kafin ya cika, ta aiko cewa ta shuka gyaɗa.

Sai na yi abin da na iya. Na cusa hankici a kumatu, na kira wayar mai unguwa, na ce a gaya wa Yaya hawan jini ya kayar da ni, baki ya karkace, ban san ko zan kai Juma'a ba. Allah ya yafe mini, na ma yi nishi.

Washegari kafin azahar adaidaita sahu ya sauke ta a bakin lungunmu, da ɗan ƙunshin zane ɗaya, idanunta sun kumbura. Ta same ni a kan benci da kwanon ɗanwake, har da ƙwai a sama, loma tana hanya.

Ta daɗe tana kallona.

"Sannu da jiki."

"Yauwa Yaya. Da sauƙi."

"Na ga alama."

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya rufe a bayanta.

Matata ta gyara mata ɗaki. Ta shiga, amma ƙunshin nan ba ta kwance shi ba, yana nan a bakin katifa kamar mai jiran mota. Ta daina yi mini magana. Ina zaune a gabanta za ta juya ta ce wa matata, "Ki gaya wa mijinki ƙarar injin maƙwabtansa ta hana ni jin kiran salla." Ko kuma, "Ki tambayi mijinki, garin da ake sayen zogale a ƙulle cikin leda, shi ma gari ne?" In hadari ya haɗo sai ta ja ƙafa ta fito ƙofar gida ta tsaya tana kallon kudu, masu adaidaita suna yi mata hon, ba ta ko gani. Tuwon da ake zuba mata rabi take ci, daga baya ya koma loma uku.

Sista tana zuwa kullum ta wanke gyambon. Wata rana ta tsaya a teburina ta ce, "Ƙafa tana warkewa, Baba. Mai ƙafar ce ban gane mata ba."

Ni ma ban gane wa kaina ba. In ɗora dutse a kan riga in manta ban zuba gawayi ba. In shiga gida in ga Yaya, in fito. In fito in ga titi, in koma. Na kawo ta don in ceci ƙafa, ga shi ina kallon sauran jikin yana tafiya.

Sai na tuna ranar cin kaji direban ya ce a Tarauni yake ɗaukar maigidansa. Ban san gidan ba, amma na san mutum ba ya rasa masallaci. Na mayar da sallar la'asar ɗita Tarauni. Yau wannan masallaci, gobe wancan, ina sallame salla in bi sahu da ido. Wani ladani har ya fara matsar da takalman mutane in ya gan ni. A masallaci na shida na same shi. Ban ce masa komai ba, na dai ba shi hannu. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ranar ta tara ya riƙe hannuna.

"Baba, a ina na san ka?"

Na ce, "Ni ne na ɗan ruwa."

Muka tsaya a jikin bango na kwance masa komai, tun daga buhuna har awaki. Da na kai kan awakin sai da ya dafa bango. Ya goge ido ya ce, "Baba, ni abin da idona ya gani na rubuta. Wanda kuka binne a ƙarƙashin yashi ba ni da hanyar rubuta shi."

Na ce, "Yanzu ruwa ya tone shi, ranka ya daɗe. Ka zo ka gani."

Ya ce za a sake karɓar wasu ƙauyukan bayan damina, kuma dama yana da zagaye ta wajenmu ranar Asabar ta sama. Bai yi mini alkawarin komai ba, ya ce zai duba ne kawai. Na ce roƙona ɗaya, kada a sanar da mai unguwa. Ya ce shi ma abin da zai roƙe ni kenan.

Matata kaɗai na gaya wa, wato na gaya wa Yaya. Ranar Asabar da sassafe na fito na tarar da ita zaune a kan dakalin bakin lungu, ƙunshinta a cinya.

Ta ce, "Mota za ta garinmu."

Maganar farko kenan da ta yi mini kai tsaye cikin sati bakwai. Na ce Yaya, rafi a cike yake. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Da motar ta iso, injiniya ya dube ta ya dube ni, ya sauka ya ba ta gaba.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Ruwa jajir, yana tafe da rassa da karan bara, ya cinye gaɓar har ya wuce inda muka tsaya da shebur. Direba ya taka birki ya leƙo.

"Nan ne muka wuce ranar nan?"

Na ce nan ne. Ya ce wallahi ƙarya ne.

Injiniya ya sauka. Ya fito da abin awo yana bin gaɓa. Ni kuwa ina juyowa na ga Yaya ta sauka, ta ɗora ƙunshi a ka, tana tattare zane.

"Yaya, ƙafar fa!"

"To ka san abin yi."

Na samo leda biyu a motar na ɗaure ƙafar har ƙwauri. Na tuɓe riga, na durƙusa, ta hau bayana. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, wanda abu mafi nauyi da yake ɗagawa dutsen guga ne. Sai dai ba ta da nauyin da na zata, wannan ya fi ruwan tsorata ni. Na kama ƙafar ciwon na ɗaga ta sama, na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, yana ture ni, yashi yana gudu a ƙarƙashin tafin ƙafata.

Ta ce a kunnena, "Bi ta hagu, wawa, nan akwai rami. Tun kana yaro ba ka san rafin nan ba."

"Yaya, ki daina motsi."

"Kai ne kake rawa."

Muka fita. Na sauke ta a kan ciyawa, na zube a gefenta ina haki. Ledar ko ɗigo ba ta taɓa ba. Da na ɗago na hangi injiniya a wancan gefen, waya a hannu, ashe tun shigarmu yake ɗauka. Sannan ya naɗe wando, ya ɗora littafinsa a cikin hula, ya biyo ta inda muka bi. Naɗewar ba ta yi masa amfani ba.

Mai unguwa ya fito daga gona da singileti da fartanya, taɓo har gwiwa, babu rawani. Ya ga baƙon gwamnati yana ɗigar ruwa a ƙofar gari. Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta faɗi haka ba. Babu tabarma, babu fura, sai dafaffiyar masara da wata tsohuwa ta kawo a murfin kwano. Ya ja ni gefe.

"Ka kunyata garin nan. Ka kunyata ni."

Na ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ya juya mini baya.

Injiniya ya zauna a kan saiwar tsamiya ya buɗe littafi. "Baba mai unguwa, yaya hanyarku?"

"Lafiya l..." Ya dubi wandon mutumin. 

Yaya ce ta amsa daga bakin zaure. "Ɗana, ka dai gani."

Ba ta biyo mu ba, ban kuma yi wautar tambayarta ba. Kafin mu tashi har ta kwance ƙunshi ta aika a kira mata wadda ta bar wa awaki. Sauran daminar ni na riƙa zuwa duk sati biyu, magani da bandeji a cikin hula, in tsallaka. Sista ta koya mini wankin gyambo a kan bencina, da tumatir ta yi mini misali. Yaya ta ce hannuna ya fi na Sista zafi, amma ta ci gaba da cin tuwonta har da neman ƙari.

Bayan an gama girbi sunanmu ya fito. Aikin ma bai daɗe ba. Bututun siminti uku ne manya aka jera, aka zuba kankare a kai, aka yi masa ɗan bango hagu da dama. Da na gan shi sai na ji haushi, wai wannan ɗan abin ne ya hana ni sukuni shekara guda.

Babbar motar da ta fara hawa kansa ba ta kawo komai ba. 'Ya'yan mai unguwa ne suka turo ta daga Kaduna. Sun daɗe suna son ɗauke shi, yana ce musu babu hanyar da za a fitar da kaya. Ina tsaye a bakin kwalbatin suka zo wucewa, gadonsa da buhunan dawa a baya, shi a gaba. Rabon da ya yi mini magana tun ranar masara. Ya sa aka tsaya, ya sauke gilashi.

"Da babu hanya da ba su iya ɗauke ni ba. Kai ka jawo."

Motar ta wuce. Kafin azumi gida biyu suka bi bayansa. Har yau ban samo amsar da zan ba shi ba, kuma na nema, don ni ba a cika barina babu amsa ba.

Yaya dai tana nan a ɗakinta. Ranar asibiti mota tana ɗaukar ta daga gindin tsamiya da sassafe, a duba ƙafa, likita ya ce madalla. Ba ta kwana a Gyadi-Gyadi, ko ruwan gidana ba ta tsayawa sha. Wancan watan, tsakiyar damina, ta sa mai adaidaita ya tsaya a gaban teburina a kan hanyarta ta zuwa tasha, ko saukowa ba ta yi ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kayan da na shanya.

"Auta, ni na wuce."

"Yaya, dubi hadarin nan. Ki bari a yi a ɗauke."

"Ya zuba mana," in ji ta. Ta taɓa kafaɗar direba. "Mu je, malam."